Zauren 'Yan Mata: Kwamfutar Da Ba Ta Minshari

'Yan uwana mata, ƙannena 'yan makaranta, da iyayenmu masu leƙo wannan fili a ɓoye, barkanmu da sake saduwa a wannan zaure namu mai albarka. Ina gaishe ku daga nan Illela ta bakin iyaka, inda in mutum ya ɗaga murya da kyau sai mutanen Ƙonni su amsa masa. Yaya gida, yaya karatu, yaya kuma haƙuri da zafi? Masu aiko da wasiƙa kuna tambayar ina aka kwana a kan littafi na biyu, ku ƙara haƙuri, yana nan tafe insha Allahu, kuma wadda kuke so ta auri jarumin ba zan faɗa muku ko ta aure shi ba.

Yau za mu ɗan jingine maganar samari da kishi a gefe, domin wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon na 'yan aji shida ne na sakandare, kuma kukansu ɗaya ne. Jarrabawar JAMB na matsowa, ga shi da yawansu ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Wata ta ce ta roƙi babanta ya bar ta ta riƙa zuwa shagon kwamfuta tana koyo, ya ce ɗiyarsa ba za ta zauna cikin samari har magariba ba. A gaskiya ban ga laifin baban nan ba, kuma ban ga laifin yarinyar ba. Abin da ya rage shi ne kwamfutar ta shigo gida.

Ku tuna fa, tun 2013 hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta, daga 2015 kuma aka daina ta takarda da fensir. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Yarinyar da ta haddace littafinta tsaf, amma hannunta na rawa tana neman inda harafin N yake don ta wuce tambaya ta gaba, ko tana tsoron kada ta taɓa S ta miƙa aiki ba ta gama ba, to ta zubar da mintoci masu tsada. Ita da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari sai dai hange, alhali ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba, sabo ta rasa.

To amma wace irin kwamfuta ce za ta zauna lafiya a gidajenmu na Illela? Nan ne gizo ke saƙa. Mun taɓa yin wata babba 'yar gwanjo a gidanmu, irin mai akwati kamar ƙaramar adaka. Da an kunna ta sai ta hau gurnani kamar injin markaɗe na nesa. Ni kuwa da dare nake rubutu, sai gida ya yi tsit labari ke zo mini. Ranar da na fara kunna ta bayan sallar isha'i, sai na ji Inna daga ɗakinta tana cewa, "Wai wa ad da minsharin ga? Ku tada shi ya gyara kwanciya!" Hunturu ɗaya ta yi ta mutu. Da aka buɗe cikinta, ƙurar da aka kwaso ta isa a yi shukar albasa.

Ga dalili. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana zafi idan tana aiki, shi ya sa ake sa mata fanka a ciki. Fankar nan iska take jawowa daga waje, kuma kun san iskarmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu rabinta ƙura ce. Ƙura ta taru ta toshe ƙofofin iska, fanka ta gaji ta tsaya, sai ga watan Afrilu ya shigo da zafinsa da ke haura digiri 40, shi ke nan ƙwaƙwalwa ta dahu. Abu na biyu mai motsi shi ne faifan ajiya irin na da, wanda ke juyawa kamar faifan garmaho. In wuta ta ɗauke yana cikin juyi, ko yaro ya bangaji tebur, sai ki ji an ce duk abin da kika ajiye ya tafi. Don haka dabarar ita ce a haɗa kwamfutar da babu abu ko ɗaya mai juyawa a cikinta, ba fanka, ba faifai. Ba ta ƙara, ba ta shaƙar ƙura, wutar da take sha kuma ba ta kai ta ƙwan fitila irin na da ba.

Kada ku ce tatsuniya nake muku. A 2007 an kai wa yaran makarantar firamare ta Galadima a Abuja wasu ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari, na shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa wanda Nicholas Negroponte na Amurka ya jagoranta, kuma babu fanka ko faifai mai juyi a cikinsu. Sannan a watan Fabrairu na 2012 wata gidauniya a garin Kambirij na Ingila, su Eben Upton, suka fitar da wata 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi a kan dala 35. Girmanta kamar katin banki, za ki iya rufe ta da tafin hannu. Ta uku ta fito a 2016, ta huɗu a 2019. A 2020 suka fito da Pi 400, wadda kwamfutar gaba ɗaya tana cikin allon haruffa, da farantin ƙarfe a ciki mai tsotse zafi. Ta biyar ta fito a 2023, ta fi ƙarfi, amma ta fi zafi, har masu ita suna ba da shawarar a sa mata fanka in za ta yi aiki mai nauyi. Saboda haka mu ta huɗu ko Pi 400 ta fi dacewa da mu.

Za ku ce to in babu fanka yaya za ta huce? Ke 'yar uwa, in kika dama kunu ƙanenki na kuka yana so yanzu yanzu, me kike yi? Ai juye shi kike a faffaɗan faranti, nan da nan ya sha iska. Haka ake yi mata. Ana sa ta a cikin gida na ƙarfen alminiyam mai tsaga tsaga kamar haƙoran matsefi, ƙarfen yana manne da ƙwaƙwalwar, ya tsotso zafin ya watsa shi waje. Ita kanta tana da wayo, in zafinta ya kai wajen digiri 80 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone.

Yanzu sai ɓangaren da ya fi burge ni, wato yadda take tashi ba tare da tana da ma'ajiya a cikinta ba. Kun san gidan gandu, tukunya ɗaya ake ɗorawa, in tuwo ya nuna kowane ɗaki ya aiko da kwanonsa. To haka tsarin yake. Kwamfuta ɗaya ce a gidan ke riƙe da komai, ita ake kira uwar garke. Sauran ƙananan, mu ce musu 'ya'ya, kwano ne kawai, babu ko katin memori a jikinsu. Da kin kunna 'ya, sai ta aika kira ta cikin waya tana neman uwa. Uwa ta amsa ta ba ta lamba, ta miƙo mata abin da za ta farka da shi, sannan ta buɗe mata rumbunta. Kafin ki gyara zama allo ya kawo. Wannan dabarar tsohuwa ce, tun 1999 wani Ba'amurke mai suna Jim McQuillan ya fara wani shiri da ake kira LTSP don makarantu da ofisoshi, kyauta ne, kuma yana aiki da Raspberry Pi. Ko a ɗakin jarrabawar JAMB ma, tambayoyin daga uwar garke guda suke fitowa ta waya zuwa kwamfutar da ke gaban kowace ɗaliba. Kin ga ke nan wadda ta saba da wannan a gida, ranar jarrabawa ba baƙuwa ba ce.

Mu a gidanmu ni da yayana muka haɗa, shi ya koyi gyaran waya, ni kuma nake karanta masa bayani ina rubuta duk abin da muka yi a littafi. Ga kayan da ake bukata in za a yi na ɗaki biyu:

Na farko, Raspberry Pi guda uku, ɗaya uwa, biyu 'ya'ya, kowace da gidanta na alminiyam.

Na biyu, ma'ajiya ɗaya tak, irin marar motsi da ake kira SSD, a jona wa uwa.

Na uku, ɗan akwatin rarraba layi mai ƙofa biyar, masu shago suna ce masa suwic. Ƙananan ba su da fanka.

Na huɗu, wayar sadarwa mai kan roba, irin wadda kuke gani a shagon kwamfuta. Guda ɗaya tana iya kai mita 100, wanda ya ishi kowane gida daga zaure har ƙuryar ɗakin uwargida. Ki lura, ta waya 'ya ke tashi, ba ta tashi ta iska.

Na biyar, allon haruffa da linzami da allon kallo ga kowace 'ya. In akwai talabijin mai ƙofar HDMI a ɗakin, ta wadatar, sai a nemi wayar da ta dace, domin ƙofar ta huɗu ƙarama ce.

Na shida, caja mai kyau ta bolt 5 da amfiya 3 ga kowace. Kada a yi mata rowa da cajar waya 'yar arha, in wuta ba ta ishe ta ba sai ta riƙa suma tana farfaɗowa.

Kayan nan a Kano ake samun su wajen 'yan kwamfuta, ko a sa a aiko daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, kuma kuɗinsu da dala yake tafiya. Allon haruffa da linzami da waya kuwa ko a Sakkwato an samu, na gwanjo ma sun yi.

Haɗawar hawa uku ce. Da farko a sa wa uwa manhajar Linux, wadda kyauta ce ba a sayen lasisi, sannan a ɗora mata LTSP. Wannan ne kaɗai wurin da ake bukatar intanet da mai ɗan sani a kusa. Na biyu, a koya wa kowace 'ya cewa daga waya za ta riƙa neman abincinta. Ita ta huɗu sai an sa mata memori sau ɗaya an shiga saitinta an zaɓi tashi ta layi, daga nan a zare memorin, an gama da shi. Wadda ake kira 3B+ ta 2018 kuwa da saitin take zuwa. Na uku, a buɗe wa kowa a gidan sunansa da kalmar sirrinsa a wajen uwa. Mu wuni biyu muka yi, kuma wallahi rabin lokacin a ja waya ta bayan ƙyaure da ƙarƙashin rufi ya tafi.

Maganar wuta kuma, ga lissafin da na yi da kaina. 'Ya ɗaya tana shan wajen wat 5, allon kallo ƙarami wajen wat 20. Uwa da akwatin rarraba layi mu ce wat 10. In ɗaki biyu suka yi karatun awa uku da dare, wat 60 ke nan sau uku, 180. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar 1,200, kuma masana suna cewa irin na ruwa kada a sha fiye da rabinsa, wato 600. Kin ga karatun dare ɗaya bai cinye kashi ɗaya cikin uku na wannan rabin ba. Gidan da ke da sola ta fitila da cajin waya ya riga ya yi rabin tafiya. In an samu ɗan abin da ke sauke bolt 12 zuwa 5, irin cajar mota mai ƙarfi, to 'ya'yan ba sa ma bukatar inbata, wadda ita ma sau da yawa da fankarta take zuwa.

Me za a zuba a tukunyar? Tambayoyin jarrabawa na shekarun baya don gwaji. Manhajar koyon buga rubutu da yatsu goma. LibreOffice ta rubuta wasiƙa da lissafi, wadda ni da ita nake buga littafina, kuma in kin zaɓi tsarin haruffan Hausa za ki sami ɓ da ɗ da ƙ ba tare da kin bi da biro kina lanƙwasa musu kai ba. Akwai kuma Kiwix, wadda aka fara a 2007, tana ɗauke Wikipedia ta Hausa da ta Turanci ta ajiye a cikin uwa, ki yi ta karatu ba data ba sabis. Sai karatun Alƙur'ani na alarammomi da littattafan Islamiyya. Sau ɗaya ake zubawa, kowane ɗaki ya samu.

A nan ina kira ga iyayenmu maza da su saurara. Abin da kuke tsoro a wayar hannu shi ne ba ku san da wa yarinya ke hira cikin bargo ba. Wannan kuwa a fili take, allonta babba, tana tsakar ɗaki. In ba ku jona wa uwa intanet ba, babu abin da zai shigo sai abin da kuka zuba da hannunku. In kun ga dama ku jona na awa ɗaya ranar Juma'a a sabunta kaya a cire. Makullin gidan gaba ɗaya wuri ɗaya yake, a ɗakin da uwar take.

Ku kuma iyayenmu mata masu abokan zama, wannan tsari ya raba gardama. Da kwamfuta ɗaya ce tal a gida, da tuni an fara, "Ɗakin wa za a kai ta? Don me 'ya'yan wance suka fi daɗewa a kai?" Yanzu kowane ɗaki da tasa, kuma duk abu ɗaya ke ciki, ba wadda za ta ce an fifita wata. Bugu da ƙari, yarinya in ta shiga da sunanta a ɗakin Inna ko a ɗakin Goggo, kayanta na biye da ita, ƙanenta kuma ba ya iya buɗewa balle ya goge mata aiki. Ni dai tun da muka haɗa, ba wanda ya sake karanta mini babi kafin in gama ya je yana ba da labari a islamiyya.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu, dole in gaya muku inda take da rauni. Tunda tukunya ɗaya ce, in ta ƙone gida duka ya kwana da yunwa. In uwa ta lalace, 'ya'ya ba sa tashi. Don haka duk sati a kwafe muhimman abubuwa a filas a ajiye a wani ɗaki daban, rigakafi ya fi magani. Uwa ita ake fara kunnawa, ita ake kashewa a ƙarshe, kuma a kashe ta ta hanyar da ta dace, kada a fizge waya. Ɓeraye na son wayar nan kamar ƙuli, a sa ta cikin bututun roba ko a ɗaga ta sama. In hadari ya haɗo da walƙiya a damina, a zare wayoyin da suka ratsa tsakar gida. Sannan ku 'yan uwana masu son ado, na san halinmu, komai muka samu sai mun yi masa rufi da leshi. Wannan kada a rufe ta, kada a ɗora ta kan katifa ko matashi, kada a ajiye ta jikin taga inda rana ke duka. A sa ta kan tebur inda iska ke wucewa, a riƙa share ta da busasshen tsumma. Kuma ku sani ba ta wasannin samari masu nauyi ba ce ko haɗa fim, ta karatu da rubutu ce da kallo daidai gwargwado.

Na san wata za ta ce, Anti duk mun ji, ina kuɗin? Ba sai an saya rana ɗaya ba. A fara da guda ɗaya da memorinta a jona da talabijin, ta isa a koyi buga rubutu. In hali ya samu a ƙaro ta biyu, ta farkon ta zama uwa. Masu adashi, kwasa ɗaya ta isa a fara. Masu kiwo, kun san abin da tunkiya ke yi a kasuwarmu ta Lahadi in layya ta matso. Gida biyu masu katanga ɗaya ma suna iya haɗa kuɗi su yi uwa guda, waya ta tsallaka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ke kuma mai saurayi, matso kusa ki ji. In ya zo zance yana cewa, "Ranki ya daɗe, faɗi abin da kike so in kawo miki," kada ki yi saurin cewa babbar waya. Waya wata shida ta faɗi ta fashe, ko a yi faɗa ya aiko a karɓe. Ki sunkuyar da kai ki ce karatu kike so ki ci gaba, in da gaske yake ya je ya sami Baba su yi maganar abin da zai taimake ki, ta hannun manya, ba a bayan gida ba. Daga amsar da zai bayar za ki gane ko mijin da zai bar ki ki yi makaranta ne, ko kuwa tun yanzu ya fara ɗaure fuska. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Abu na ƙarshe, kada ku bar wa maza haɗawar. Ni sakandare na tsaya, amma yau in waya ta saki na san wadda zan duba, in 'ya ta ƙi tashi na san in leƙa ko fitilar akwatin rarraba layi na ƙiftawa. Hannun da ya iya zare da allura da kitso ƙanana ba zai kasa ɗaura ƙusa huɗu ba. In za a haɗa a gidanku ki tsaya a wurin, ki yi tambaya, ki rubuta, ki ce a ba ki sukudireba ki gwada. Gobe in aka kai ki ɗakinki, ilimin na cikin kanki, ba mai ƙwace shi, kuma 'ya'yanki za su tashi su tarar da shi.

'Yan aji shida, ku dage da gwaji ko da rabin awa ne kullum, Allah Ya ba ku sa'a, Ya sa mu ji alheri. Wadda ta haɗa a gidansu ta rubuto ta gaya mana yadda ta kaya, wadda ta maƙale ma ta rubuto, zan amsa a wannan fili da yardar Allah. A fitowa ta gaba za mu koma kan wasiƙar 'yar uwar nan da ƙawarta ta aure mata saurayi, ku tanadi shawarwarinku.

Sai mun sake saduwa. Taku har kullum, daga Illela. Wassalam.